Na nuna masa hanya, ban tsaya masa ba

A kasuwar Mile 12 ta Legas akwai maganganu biyu da baƙo zai ɗauka duk ɗaya ne, alhali tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Idan sabon mai saye ya zo neman albasa bashi, ko direba ya zo neman lodi, aka tambayi kawuna a kansa, wani lokaci sai ya ce: "Ga rumfarsu can, ku je ku gani." Wani lokaci kuma sai ya dafa ƙirji ya ce: "Na tsaya masa." Ta farko kwatance ce kawai. Ta biyu kuwa, in mutumin ya gudu da kuɗin mutane, ƙofar Kawu za a ƙwanƙwasa. Tun ina riƙe masa buta nake jin waɗannan maganganu, amma sai da na salwantar da kuɗinsa a aikin intanet na gane cewa Google ma da irinsu yake aiki.

Kawu dillalin albasa ne, yana sauke ta daga Aliero ta jihar Kebbi da kuma Sakkwato. Da na gama karatun kwamfuta sai ya ce in buɗe masa shafi, domin masu otal da gidajen abinci na Ikeja da Lekki su riƙa samunsa ba sai sun ratso laka da cunkoson Ketu ba. A ɗakina na Agege na yi aikin, da dare, in an kawo wuta. Na sa hotunan buhuna, na rubuta yadda ake gane albasar da ta bushe sosai wadda za ta jure ajiya, na sa lambar waya. Wata uku babu wanda ya kira ta dalilin shafin. Rannan bayan sallar La'asar Kawu ya dube ni ya ce: "Ɗana, ba ku ne ke ce wa Google matambayi ba ya ɓata ba? To mu me ya sa mai tambaya ba ya isowa gare mu?"

Tambayar ta hana ni barci, na shiga bincike. Abin da na fara fahimta shi ne, tun daga tushe Google a kan mahaɗi aka gina shi, wato wannan rubutu mai launi da ake dannawa ya kai mutum wani shafin. Larry Page da Sergey Brin, suna ɗalibai a jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da dabarar da ake kira PageRank, suka kafa kamfanin a 1998. Dabarar ita ce a ɗauki kowane mahaɗi a matsayin shaida. Shafin da mutane da yawa suka nuna, mai yiwuwa yana da amfani. Kuma ba adadi kawai ake dubawa ba, ana duba wane ne ya yi shaidar, kamar yadda kalma ɗaya daga bakin shugaban 'yan albasa ta fi surutun 'yan dako ashirin nauyi a wajen mai ba da bashi. Shafinmu kuwa babu wanda ya nuna shi, maraya ne.

A nan na yi gaggawa. Na ga tallan wani mutum da ke cewa zai samar wa shafi ɗaruruwan mahaɗai cikin mako guda. Na karɓi kuɗi a hannun Kawu, kuɗin da ya kai na buhun albasa a lokacin, na tura masa. Bayan kwana shida ya aiko mini da dogon jeri. Na yi murna, na zauna jiran kira.

Akwai wata 'yar garinmu da ke aiki a wani kamfanin fasaha a Yaba, ta girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce mata. Da na ga shiru ta yi yawa, na hau danfo ranar Asabar na kai mata jerin. Ta buɗe ɗaya daga cikin shafukan a kwamfutarta, ta danna Ctrl da U, sai shafin ya tuɓe ado ya koma tsirara, layi bisa layi na rubutun da ke ƙarƙashinsa. Ta nemo sunan shafinmu, ta ɗora yatsa a kan gilashin. Kusa da adireshinmu akwai ɗan rubutu: rel="nofollow". Ta buɗe na biyu, haka. Na uku babu. Muka bi kamar talatin, fiye da rabi suna ɗauke da shi.

"Ka san ma'anar wannan?" in ji ta. "Mai shafin yana gaya wa Google ne cewa ga hanya nan, amma shi bai tsaya maka ba."

Raina ya ɓaci. Na ce ashe mutumin nan ya cuce ni, ya sayar mini da shaidar da ba shaida ba. Zan kira shi ya cire wannan alama ko ya dawo da kuɗin. Yaya ta girgiza kai. "Ƙanena, waɗanda ke da alamar su ne ba za su cuce ka ba. Waɗanda ba su da ita ka ji wa tsoro." Ta nuna mini su: shafuka ne da aka buɗe don sayar da mahaɗi kawai, sunan albasarmu na zaune tsakanin tallan caca da na maganin ƙarfin maza, wasu ma da harshen da ni da ita ba ma ji. Waɗannan ne ke ce wa Google sun tsaya mana. Na tuna yadda Kawu ke yi idan wanda aka sani da cin amana ya zo yana yabon wani: nan take yake janye hannunsa daga cinikin.

Ranar ta ba ni tarihin abin, daga baya na bi na tabbatar. A watan Janairu na 2005 Google ya fito da alamar nofollow, Yahoo da MSN suka mara masa baya. Dalili kuwa, da mutane suka gane mahaɗi na ɗaga shafi, sai masu tallan banza suka mamaye duk wani wuri da aka bar wa jama'a su yi rubutu a intanet, suna zuba adireshinsu dubu-dubu da manhaja. Alamar ta ba mai gida damar cewa: wannan a gidana yake, amma ba ni na sa shi ba, kada a rubuta shi a sunana. Wikipedia ta Turanci ta sa wa duk mahaɗan da ke fita daga cikinta alamar a 2007, shi ya sa wanda ya wahalar da kansa yana cusa adireshinsa a can don ya hau sama yake aikin banza. Daga baya aka ce duk mahaɗin da aka biya kuɗi aka sa shi ma dole ya ɗauki alama, domin shaidar da aka saya ba shaida ba ce. A watan Afrilu na 2012 Google ya saki gyaran da ake kira Penguin, wanda ya jefo shafuka da yawa masu sayen mahaɗi ƙasa. Tun 2016 yawanci watsi kawai yake yi da irin waɗannan mahaɗai, ya ƙi lissafa su, amma har yanzu ma'aikatansa na iya hukunta shafi da hannu, su aiko da sanarwa ta Search Console, wato wurin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki. Mun duba namu, babu sanarwa. Duk da haka, da yake saye na yi da gangan, muka tattara munanan muka miƙa ta kafar barranta da Google ya buɗe a 2012, inda mai shafi ke cewa ba ruwansa da su. Da na koma na gaya wa Kawu gaskiyar inda kuɗinsa ya tafi. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Allah ya mayar da alheri. Gobe kada ka ƙara sayen yabo."

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne canjin da aka yi a watan Satumba na 2019. Kafin nan nofollow umarni ne, Google ba ya lissafa mahaɗin. Daga lokacin ya koma shawara: yana jin abin da mai shafi ya ce, amma shi ke yanke hukuncin ko zai yi amfani da mahaɗin wajen auna matsayi. Daga 1 ga Maris 2020 ya faɗaɗa wannan har zuwa batun bin mahaɗin da shigar da shafi cikin rumbunsa. A tare kuma ya ƙaro alamomi biyu, sponsored don abin da aka biya kuɗi ko aka yi musaya a kansa, da ugc don abin da baƙi suka rubuta da kansu. Ana iya haɗa biyu a mahaɗi ɗaya, kuma bai tilasta wa kowa ya canza tsofaffin ba. A ganina wannan ya yi daidai da hankali. Manyan shafuka da yawa sun riga sun ɗauki al'adar liƙa nofollow a kan komai don gudun rigima, nagari da mugu, har ya zama in Google ya rufe ido ga dukansu zai rasa labari mai yawa. Ko a kasuwa, in dattijo ya ce "ban tsaya masa ba" amma kullum shagon mutum ɗaya yake nunawa, mai hankali ya san da wani abu.

Ban gama koyo ba sai da na sake tuntuɓe, kuma wannan ya fi na farko zafi domin ya taɓa cinikin Kawu kai tsaye. Muna da farashi na musamman ga tsofaffin abokan ciniki masu ɗaukar buhu da yawa. Na yi masa shafi daban, na sa mahaɗinsa a can ƙasa, na liƙa masa nofollow, a tunanina na kulle ƙofa. Bayan wasu makonni wata mata mai gidan abinci ta zo rumfa da wayarta a hannu, ta nuna wa Kawu farashin, ta ce me ya sa ita ake sayar mata da tsada. A Google ta gani. Ina tsaye a wajen, na ga yadda Kawu ya sauke mata farashin ba tare da ya kalle ni ba, kuma wannan rashin kallon ya fi mini faɗa ciwo. Nofollow magana ce a kan mahaɗi, ba a kan shafin da yake nunawa ba. In Googlebot, wato ɗan aiken Google mai zagaya shafuka yana karanta su, ya sami shafin ta wata hanya, ko wani ya tura adireshin a wani wuri, ko yana cikin taswirar shafuka da manhajar ke haɗawa da kanta, kamar yadda namu ya kasance, zai shiga ya ɗauka. Mai son kada shafi ya fito a bincike umarnin noindex zai sa a jikin shafin kansa, kuma kada ya toshe shi a robots.txt, fayil ɗin da ke gaya wa Googlebot inda ba zai shiga ba, don in an hana Googlebot shiga ba zai ga umarnin ba. Abin da yake sirri na gaske kuwa, kalmar sirri ake sa masa. Daren nan na cire farashin daga intanet gaba ɗaya, muka koma tura shi ta WhatsApp ga wanda ya dace.

Akwai kuma masu ba da shawarar a riƙa sa nofollow a mahaɗan cikin gida, wato masu kai mutum daga wani shafinka zuwa wani shafinka, don a tara ƙarfin shaida a shafukan da ake so. Matt Cutts, ma'aikacin Google a lokacin, ya bayyana tun 2009 cewa wannan ya daina aiki: in shafi na da mahaɗi goma ka rufe biyar, rabon biyar ɗin ba ya komawa ga sauran, zubewa yake yi. Har yau ina ganin ana koyar da shi ga yara a matsayin sabuwar dabara, abin yana damuna.

Cinikin farko mai tsoka da shafin ya kawo mana, ta mahaɗi mai nofollow ya zo. Lokacin da albasa ta yi tsada, wani ɗan jarida ya shigo kasuwa ya yi hira da 'yan kasuwa, har da Kawu, ya sa adireshinmu a rahotonsa. Na danna Ctrl da U, na ga alamar, har na fara rubuta masa saƙo in roƙe shi ya cire. Na tsaya na goge. Jaridarsu ba ta san mu ba, ba ta taɓa sayen albasarmu ba, kuma tsarinsu ne ga kowa. Da wane ido zan ce su tsaya mana? Bayan kwana huɗu mai sayo wa wani otal kaya a Ikeja ya kira, ya ce a rahoton ya gan mu. Mai karatu ba ya ganin alamar, shi dai ya ga rubutu mai launi ya danna. Har yanzu yana ɗaukar kaya duk mako biyu. Tun daga nan na daina raba mahaɗai gida biyu, mai alama da marar alama. Abin da nake tambaya shi ne ko akwai mutum mai buƙatar albasa da zai bi ta wajen.

Shekaran jiya wani mai motocin dakon kaya ya zo rumfa, ya ce zai riƙa biya duk wata a sa sunan kamfaninsa da adireshinsa a shafinmu. Na ce to, amma zan rubuta "talla" a samansa, kuma zan sa masa sponsored. Ya ce wanda ya yi masa shafi ya gargaɗe shi kada ya yarda da wata alama, zai ma ƙara kuɗi in aka bar shi haka. Na juya na yi wa Kawu bayani a taƙaice, ina tunanin ko zai ga na kori kuɗi. Kawu yana zaune a kan benci yana jujjuya wata albasa a hannu, yana latsa wuyanta da babban yatsa don ya ji ko ta bushe. Ya tambayi mutumin sau nawa ya taɓa ɗauko masa kaya daga Aliero. Mutumin ya ce bai taɓa ba tukuna.

"To, Malam, a sa maka a matsayin talla," in ji Kawu. "Ka ɗauko mini lodi uku su iso lafiya, sannan yaron nan ya rubuta sunanka a inda muke rubuta mutanenmu, ba sai ka biya ko kwabo ba."

Mutumin ya ce zai yi shawara. Ya karɓi lambar Kawu, ya tambayi ranar da za a yi lodi na gaba.