Darasin da na ɗauka wurin Pete Postlethwaite

A harkar wasan kwaikwayo kowa so yake ya fito a jarumi. Ranar rabon matsayi, wanda aka ce ya fito a uba ko maigadi, nan take za ka ga ransa ya ɓaci. Na jima ina horar da matasa a ƙungiyarmu ta wasan dandamali, kuma wanda ya fi buɗe mini ido a kan wannan matsala wani ɗan wasan Ingila ne, Pete Postlethwaite.

An haife shi a Warrington a 1946. Da koyarwa ya fara, sannan ya koma ɗalibi a makarantar wasan kwaikwayo ta Bristol Old Vic. A shekarun 1970 yana gidan wasa na Everyman da ke Liverpool tare da su Julie Walters da Bill Nighy, daga baya ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Royal Shakespeare Company. Duk tsawon wannan lokaci masu zuwa gidan wasa ne suka fi saninsa. Sai a 1993, yana da shekara 47, sunansa ya zaga duniya da fim ɗin In the Name of the Father.

A nan ya fito a matsayin Giuseppe Conlon, mutumin Belfast da ya je Landan a 1974 don ya taimaki ɗansa Gerry da aka kama kan zargin dasa bam, shi ma aka haɗa da shi. Yana ɗaure ya rasu a 1980, kafin kotu ta wanke su. Daniel Day-Lewis ne jarumin, kuma shekara 11 kacal Postlethwaite ya girme shi, amma wallahi ba za ka yi shakkar uba da ɗa ne ba. Na sha nuna wa ɗalibaina wurin da ɗan yake zazzaga wa uban tsohon haushinsa a cikin ɗakin kurkuku. Nakan ce su ƙyale mai maganar, su zuba wa uban ido. Kusan bai ce komai ba. Yana dai sauraro, numfashinsa na mai ciwon huhu yana fita da ƙyar, kowace kalma tana sauka a fuskarsa. Ba don wannan sauraron ba, da ihun jarumin ya tashi a banza. Da wannan rawar ya shiga jerin 'yan takarar kyautar finafinai ta Oscar a rukunin mataimakin jarumi.

Tun daga nan na sauya yadda nake gudanar da gwaji. Yawancin sababbin 'yan wasa ba sa jin abin da abokin wasansu ke faɗa, jira kawai suke ya kai aya su sako nasu layin da suka haddace. Yanzu nakan tsayar da wasa in tambayi wanda ke tsaye shiru: me aka gaya maka yanzu, kuma ina ya taɓa ka? In ya kasa amsawa, mu koma farko.

Akwai kuma batun haƙuri, wanda ya fi wuyar koyarwa. Bayan Postlethwaite ya yi aiki da shahararren daraktan fim Steven Spielberg sau biyu a 1997, bai raina dandamali ba. A 2008, yana da shekara 62, ya koma Everyman ɗin da ya taso ya fito a Sarki Lear na Shakespeare. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Janairun 2011.