Sifikar ƙofar mota: kar ka saya sai an buɗe ƙofar

Assalamu alaikum jama'a. Ni sana'ata haɗa sauti a mota, shagona na nan Sabon Garin Zariya, kuma aikin da ya fi kawo min mutane shi ne sifikar ƙofa ta fara karkarwa ko ta ɗauke gaba ɗaya. Yawanci 'yan Beljiyam ne, Corolla, Camry, Accord, sai 406 da har yanzu ba ta ƙare a garin nan ba. Sifikar da kamfani ke sa wa da yawansu takarda ce da soso a baki, ta yi shekarunta a waje sannan ta zo ta sha zafin bazara, ta sha ƙurar hunturu, da damina kuma ruwa na bi ta gefen gilas ya sauka cikin ƙofa. Soson nan ruɓewa yake, kana taɓa shi zai marmashe. Shi ya sa ni mai bakin roba nake sa wa mutane.

Abin da ke ɓata min rai shi ne mutum ya shigo da kwalinsa a hannu ya riga ya sayo, ya ce "Oga duba, wat 1000 ce." Wannan lambar ta talla ce kawai. Wadda za ka nema ita ce ƙaramar da aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da sifika ke iya ɗauka tana ta aiki ba ta ƙone ba. Kuma rediyon motarka ko an rubuta masa 50 x 4, ainihin abin da yake ba kowace sifika bai fi wat 15 zuwa 22 ba, to in ba amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, za ka sa ba nemi sifika mai saurin tashi, wadda dB ɗinta, wato ma'aunin ƙarar da take bayarwa, ya kai wajen 90, don ragin dB 3 kaɗai sai an ninka wuta kafin a samu ƙara iri ɗaya. Om kuma, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta, 4 ne aka saba, amma wasu motocin masu amfilifaya tun daga kamfani om 2 suke, in aka sa musu 4 sai ka ji sauti ya yi ƙasa.

Maigidan da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, sai da na yi watanni ba abin da nake yi sai cire murfin ƙofa da mayarwa, in ka karya kilif ɗaya ranar za ka sha faɗa. Shi ya nuna min a sauke gilas har ƙasa kafin a auna zurfin rami, saboda sifika masu faɗin inci 6.5 ba duka ɗaya ba ne, wata maganaɗisunta ya yi tsawo, a ɗaure ta lafiya lau, mai mota ya je Kwangila ya sauke gilas ya ji ƙwas. Shi ya nuna min gwaji da ƙaramin batir mai bolt 1.5, ka taɓa wayoyin, in fuskar sifika ta turo waje ka gane wayar da ke kan fulos ɗin batir ita ce fulos. In aka juya waya a ƙofa ɗaya, wannan na turawa waccan na ja, bes ɗin sai ya ɓace, mai mota ya ɗauka kayan ne ba kyau. Har yau ba na murɗa waya in naɗe da salatif, soda nake yi, in sa zoben da ya dace da ramin, in toshe gefe yadda iska ba za ta zagayo ba, in liƙe farantin ƙofar inda yake rawa. Ba na yanka ƙarfen ƙofar mutum.

Kuma kafin komai ina tambaya, Alhaji me ka fi ji a mota? Mutanenmu da yawa karatu ne da tafsiri da labarai, su murya suke so ta fito tas, irinsu mai twita daban nake ba shawara, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, a ɗago twitar sama kusa da madubi muryar ta zo daidai kunne. Wanda ke son a yi a gama da sauƙin kuɗi, mai haɗe da twita a tsakiya ta wadatar. Samarin Samaru masu son dukan bes kuwa gaskiya nake faɗa musu, sifikar ƙofa ba za ta girgiza but ba, wannan aikin wufa ne, wato babbar sifikar bes, da amfilifaya.

Sai jabu, wannan ita ce ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Kwali Pioneer ko JBL ko Kenwood, rubutu tsaf, ka juya baya ka ga ƙatuwar roba an rufe ɗan mitsitsin maganaɗisu da ita. Akwai dilan da na daina karɓar kayansa saboda cakuɗa min da yake a katan ɗaya. Sai kuma mutum ya zo yana "haba Oga rage mana, a bakin titi rabin haka aka ce min," eh rabin haka ne, amma ɗauki biyun a hannu ka ji nauyi, in jona maka su ka saurara da kunnenka.

In za ka zo, ka zo da motar da kuma abin da ka saba ji a wayarka, mu buɗe ƙofa mu auna tukuna sannan a yi maganar wacce za a sa.