Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Lokacin da nake jan waya a dajin Alkaleri

Jama'a sallama. Wancan satin na tsaya a inda Baffa ya ce min a gaban mutane, a tashar Birniwa, wai kowa ya bar gida gida ya bar shi. Toh na tafi ɗin, ban kuma mutu ba.

Aikin da na samu leburanci ne wajen masu neman mai, can ɓangaren Alkaleri, tun kafin a sanar da samun man Kolmani a 2019. Mu ne masu jan waya. Za a sare layi miƙaƙƙe cikin daji, mu bi muna kafa wasu ƴan ƙarafa masu tsini da ake kira jiyofon, ka soka ka taka da dunduniya har ya zauna daram, in ya karkace oga ya dawo da kai ko da kilomita nawa ka yi gaba. Wasu kuma na haƙa rami suna sa nakiya. In za a tashe ta sai a ce kowa ya tsaya cak, don ko shanun Fulani ne suka gitta sai sun ɓata rikodin. Za ka ji dum a tafin ƙafarka, shikenan. Girgizar nan ita ke nutsawa ƙasa, duk inda dutse ya canza sai wani kaso ya dawo sama, jiyofon ya kama, kwamfutar cikin mota ta rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka.

Wani injiniya ɗan Gombe, Allah ya saka masa, shi ya fara nuna min hoton ƙarƙashin ƙasa da ake haɗawa daga rikodin ɗin a laptop ɗinsa da daddare, layuka baƙi da fari kwance kan juna. Ya ce malam bi wannan da yatsa. Na bi na bi sai layin ya yanke, ya ci gaba daga can ƙasa kaɗan, kamar atamfar da tela ya haɗa zanen bai dace ba. Ya ce to wannan ce tsaga, su folt suke cewa, dutsen ne ya tsage tun fil azal ɓangare ɗaya ya zame. Kuma wlh duk wahalar da muke sha rabinta don ita ne, saboda in dutsen yashi mai riƙe mai ya zame ya jingina da na laka wanda ba ya yoyo, man ya maƙale nan ya taru, in kuma tsagar buɗe take to ta nan ya tsiyaye tuntuni, a kashe maƙudan kuɗi a haƙa rijiya a tarar da ruwan gishiri.

Na tuno ma, da na zo sallah Baffa ya tare ni a zaure yana dariya, wai tunda na zama masanin ƙasa in nemo musu mai a fadamar Baba. Fadamar da ya riga ya ba ɗansa tun ban cika wata shida da tafiya ba! Na daure na yi masa bayani, na ce duwatsu irin na Dutse ba sa riƙe mai, mu nan gabas yashin kwarin Tafkin Chadi ne amma inda yashin ya yi kauri yana can Borno da Nijar, shi ya sa man da ake haƙowa a Agadem ta Nijar ake tacewa kusa da Damagaram tun 2011. Bai ma saurara ba, ya sake maimaita min karin maganarsa. Inna na jin mu ta bayan zana ba ta ce uffan ba, wannan ya fi min ciwo.

Yanzu kwamfuta ce ke zana tsagogin da kanta, mutum ya bi yana gyara mata. Ni dai da yatsa aka koya min, har yau in na ga hoton sai na gano tsagar.

Maganar fadama ba ta ƙare ba, har gaban dagaci muka je, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.