Abin da Baƙar Lakar Gadarif Ta Koya Mini

A farkon 2017 wani banki ya ɗauke ni in ba shi shawara kan faɗaɗa babban ofishinsa na yankin gabashin Sudan, a garin Gadarif. Tsohon gini ne mai hawa ɗaya da ya yi wa ma'aikata kaɗan, shugabanni kuma sun riga sun yanke abin da suke so: a aza masa hawa biyu, a lulluɓe fuskarsa da gilashi irin na dogayen benayen bakin Nilu a Khartum. Lokacin ina ji da kaina. Na karanta zanen gine-gine a Jami'ar Khartum, na yi shekaru ina aiki a babban birni, ga kwamfuta cike da hotunan da ke sa mai kuɗi ya ce a fara gobe. Ni ɗan garin Maiurno ne na Sudan, jikan mutanen da suka yo gabas daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, a kan laka na yi rarrafe. Amma sai da na je Gadarif na gane ban san laka ba.

Ranar da na fara zagaya ginin, akwai wani dattijo magini da bankin ke kira duk shekara ya toshe tsagogin bango. Ya ji ina waya da Hausa, sai ya ajiye cokalin gininsa ya kira ni injiniya da Larabci, ya ce, "Muhandis, ashe ɗan gida ne." Muka gaisa. Ya ja ni bayan ginin, ya zura yatsunsa biyu cikin wata tsaga da ta taso daga kusurwar taga.

"Ɗana, yanzu rani ne, shi ya sa ka ga bakinta a buɗe. Ka dawo watan takwas, ko tsinke ba zai shiga ba."

Na ce, "Baba, ai tsufa ne, siminti ya gaji."

Ya yi dariya. "Ginin nan numfashi yake yi. Ina toshe ta, tana tofo abin da na sa mata. Kai kuma ka zo za ka ɗora masa kaya."

Abin da Baba ya faɗa yana cikin littattafan da na ci jarrabawa da su, na dai bar shi ne a can. Baƙar lakar da ke ciyar da dawa da riɗin Gadarif, 'yar'uwar wadda ke fitar da audugar yankin Jazira, tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan ta bushe, har ƙafar akuya kan faɗa cikin tsagarta. Ƙarƙashin tsakiyar gini danshi ba ya canzawa sosai, amma gefuna suna jiƙewa da damina su bushe da rani. Sai gefen gini ya riƙa hawa da sauka, tsakiya na nan, bango kuwa ba roba ba ne. Wani zai ce ai ƙarin nauyi zai danne lakar. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma da muka haƙa ramukan gwaji sai muka tarar harsashin bai ko wuce inda danshi ke wasa ba, ginshiƙan kuma ba a yi su don ɗaukar komai a sama ba.

Muka yanka siraran gilasai muka manna su da farar ƙasa a gicciye kan kowace tsaga, muka rubuta kwanan wata a gefe, don in bangon ya motsa su karye mu gani. Muka aika samfurin ƙasa ɗakin gwaji a Khartum. Kafin damina ta yi tsakiya yawancin gilasan sun karye.

Gano gaskiya bai ba ni wahala kamar faɗa wa wanda ke biyana ba. Na kai shawarar a ƙyale tsohon gini yadda yake, a yi sabon ɓangare a gefensa kan turakun kankare da za a haƙa su wuce zurfin da ruwan sama ke taɓawa, gindinsu a buɗe kamar ƙararrawa don kada laka ta tumɓuke su. Daɓe ya zauna a kan katakan kankare, a bar sarari a ƙarƙashinsa, laka ta kumbura son ranta ba ta taɓa shi ba. Tsakanin tsoho da sabo kuma a bar rata, kowa ya yi motsinsa. Manaja ya saurare ni har na gama, ya ce sun ɗauke ni in hau da su sama ne, ba in baje su a ƙasa ba. Na ga idan na ci gaba da lissafi aikin zai kuɓuce, sai na roƙe shi mu taka bayan gini. Ya tsuguna da farar jallabiyarsa ya duba gilasan nan ɗaya bayan ɗaya. Bai ce na yi gaskiya ba, ya dai tambayi nawa turakun za su ci.

Batun fuskar gilashi ma mun ja. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, wuta kuma ba ta da tabbas, bangon gilashi tanda ce da janareta zai yi ta ciyarwa da man dizal. Amma na bar musu shi a ƙofar shiga, ɓangaren arewa. Mai kuɗi ma yana da haƙƙin ya ga abin da zai nuna wa baƙi.

Kuskurena na biyu shi ne lokacin da na ƙidaya masu shigowa. A watan Yuni na yi, sa'ad da manoma ke can gona, zauren banki shiru kamar masallaci bayan isha'i. Da na dawo a Nuwamba, an yanke riɗi, manyan motoci sun cika kasuwar amfanin gona, sai na ga wani gari dabam. Ga 'yan kasuwa da kuɗi a buhu, ga masu gonaki suna neman na sallamar leburori, ga waɗanda suka karɓi kuɗin salam tun kafin shuka, wato banki ya biya su farashin hatsin da za su kawo da kaka, sun zo a rufe lissafi. Layi ya fita titi, mata sun raɓe a inuwar katanga. Mai shayin bakin ƙofa ce ta faɗa mini ranakun da aka fi cika da awannin da ake watsewa, kuma lissafinta ya fi na takardun bankin amfani, don su waɗanda suka kai kanta kawai suke rubutawa.

Na yage zanen zauren. Na faɗaɗa shi, na ware wa mata kanta da wurin zama, na sa doguwar rumfa a waje da dakali da randunan ruwa da wurin alwala. Baba ya sake tare ni: "Muhandis, ruwan alwalar nan ina za shi?" Da na bar shi ya tsiyaya gindin bango, da na shayar da lakar da hannuna. Muka yi masa kwata mai rufi ta kai shi nesa, har da ɗigon na'urorin sanyaya ɗaki, muka zagaye ginin da daɓen kankare mai gangara waje. Da ƙarancin takardun kuɗi ya tsananta a 2018, mutane na kama layi tun asuba, rumfar nan da ta fi komai arha ita ta fi komai aiki.

Banki ba ya rufewa don gini, saboda haka duk aikin fasa bango sai dare ko Juma'a da Asabar. Taskar kuɗi kuwa ba mu ko taɓa ta ba, sabon gini ne ya zagayo ya same ta.

Inda na fi jin kunya shi ne takardar kwangila. A Disamban 2017 aka sa hannu, farashi tsayayye da fam ɗin Sudan, ni na duba ta na ce ta yi. A Janairun 2018 gwamnati ta mai da dala daga fam 6.7 zuwa 18, kafin Oktoba ta fita ta kai 47.5. Simintin Atbara da rodi suka tashi, har ruwan jiƙa kankare da muke saya a amalanken jakuna ya ƙara kuɗi, don Gadarif ba garin ruwa ba ne. Wata safiya na ƙirga rodin wani ginshiƙi na tarar an rage biyu. Na sa aka kwance, na yi faɗa har muryata ta dushe. Ɗan kwangilar ya bari na gama, ya fito da rasiɗan wata uku ya shimfiɗa a kan buhun siminti, ya ce in nuna masa inda zai samo cikon. Ragin rodi laifinsa ne, amma ramin da ya faɗa ni na haƙa, da ban sa sharaɗin sake duba farashi ba. Aka koma teburi, aka biya shi bambanci, hawa na sama na sabon ɓangaren kuma ya tsaya ba rufi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ban koma Gadarif ba. Kwanaki ɗan Baba ya kira ni, ya ce tsohon ya daina hawa tsani, amma ya ce a gaya mini sabon ɓangaren ko tsagar gashi babu. Sai dai an dasa dalbejiya biyu dab da bangon gabas. Na ce a yi wa Allah a cire su, saiwarsu za ta tsotse danshin gefe ɗaya ta tsaga daɓen da muka zagaye ginin da shi. Ya ce zai faɗa, amma da wuya, don yanzu a ƙarƙashinsu mai shayi take zama.