Furen tsakiya ya kwanta bayan na warware layi 14

'Yan'uwa masu koyon kantha, ɗinkin hannu na Bengal (yankin Indiya da Bangladesh) da ake haɗa fallayen tsofaffin kaya da shi, jiya da daddare furen tsakiyar nan ya kwanta. Na shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma, na bi shi da tafin hannu, babu tudu ko ɗaya. Don murna sai da na taso ƙanwata daga barci ta zo ta gani.

Mako uku ke nan muna kai ruwa rana da shi. Bayton nake ɗinkawa, ƙaramar kantha mai kusurwa huɗu da matan Bengal ke naɗe littafi da kaya masu daraja a ciki. Falle huɗu na haɗa na tsofaffin mayafan auduga, na sa shatadal padma a tsakiya, furen nan mai kama da bado da suke kira mai ganye ɗari. Nawa 32 ne, ja da shuɗi, ya fito gwanin sha'awa. Da na shiga kewaye shi da farin zare ne matsala ta kunno kai. A layi na shida tsakiya ta fara tashi, kafin na kai na 14 ta kumbura kamar an kifa ƙoƙo a ƙarƙashi. Na yayyafa ruwa na goge, da safe ta dawo. Na danne ta da littattafai kwana biyu, a banza. Har zaren na ɗora wa laifi, na je kasuwa na sayo wani na naira 4,500 da har yanzu yake cikin leda. Kuɗin nan ya yi min ciwo.

Ashe daga hannuna ne. Ina matuƙar son tattarar nan da ke jikin kantha, kamar iska ta taɓa ruwan tafki, sai na ɗauka da jan zare ake samunta. Duk layin da na ja, da'irar ta tsuke, ita kuwa tsakiya ba ta da wurin zuwa sai sama. Haka mai saƙa faifai ke yi in tana son ya yi zurfi, ta riƙa matse zagayen waje. Da na ƙara girman hotunan tsofaffin kantha da Stella Kramrisch, masaniyar tarihin fasahar Indiya, ta tara, waɗanda ke gidan kayan tarihi na Filadelfiya a Amurka, sai na ga ɗinkin gajeru ne, layukan dab da juna, kowane ɗinki ya ɗan goce daga na kusa da shi. Daga nan tattarar take fitowa.

Dare uku na yi ina warwarewa da gindin allura, falle ɗaya ma ya ɗan yage na sa masa faci ta baya. Yanzu ɗinki biyar nake ɗaukowa a allura, in zare, in mayar da ƙyallen baya da babban yatsa har ya saki. Duk rubu'in da'ira sai na ajiye shi a kan tire na duba.

Ina warwarar nan ina tunanin matan da suka fara wannan zane. A wurin Hindu, padma mazaunin Lakshmi ne, allahiyar arziki. A daren cikar wata da ke biyo bayan bikin allahiya Durga, matan Bengal kan zana shi a ƙasa da ƙullun shinkafa, zanen da suke kira alpona, har da sawun ƙafar Lakshmi yana shiga gida. Hannun da ya yi alpona shi ya kai furen kan tsohon sari, da zaren da aka zaro daga bakinsa. Sawun ƙafar ba zan sa ba, ibadarsu ce, ba ado ba ne da zan ara. A gefe zan gwada lohori, ɗinkin igiyar ruwa na matan Rajshahi a Bangladesh.

Saura kalka huɗu na kusurwa, zanen nan mai kama da mangwaro mai lanƙwasasshiyar wutsiya. Na farko na zana shi jiya, wutsiyarsa ta ƙi lanƙwasa daidai da na biyu. Wadda ta wuce wannan wurin, da takarda kika yanko shi ko da hannu kika zana?