Ranar da na canza wa Alhaji kalmar sirri a banza

Litinin ce cikin watan Afrilu, lokacin da Garwa ke ci kamar murhu tun ƙarfe tara na safe. Ni ne mai kula da kwamfutocin kamfaninmu. Ko zama ban yi ba Hajiyar lissafi ta leƙo: "Malam, imel ya ƙi." Kafin in amsa, reshenmu na Marwa suka kira, su ma haka. Sai ga maigida Alhaji da kansa a bakin ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗinmu, inda rabonsa da takowa ya fi shekara. Kwantenoninmu biyu suna tashar jirgin ruwa ta Duwala, wakilinmu ya ce tun daren jiya ya turo takardun kwastan, kuma kowace rana aka ƙara kuɗin ajiya hawa yake.

"Ɗana, me ya faru?"

"Ranka ya daɗe, minti goma."

Minti goman nan sai da ya kai la'asar.

Ka buɗe burauza, shafin shiga na Outlook, inda muke karanta imel, ya fito tsaf, babu gargaɗin komai. Ka sa suna da kalmar sirri, ya ɗan yi juyi, sai farin shafi mai cewa an samu matsala. Da a ce na tsaya na yi tunani, da wannan kaɗai ya ishe ni. Fitowar shafin na nufin intanet lafiya, sunan sabar yana kai mutum inda ya dace, ƙofa ta 443 da burauza ke bi ta isa sabar a buɗe take, takardar shaidar tsaro ba ta mutu ba. Kuma idan kalmar sirri ce ba daidai ba, shafin shiga ne yake dawo maka ya ce ka sake, ba ya wucewa da kai gaba. Duk na san wannan. Amma Alhaji na tsaye a kaina yana kaɗa makullin mota, ni kuma ina so ya ga hannuna na aiki. Sai na canza masa kalmar sirri. Bai shiga ba. Maimakon in tsaya a nan, na bi mutum goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya na canza musu, wai ko asusun ne suka lalace. Har yau idan na tuna, kunya ce take kama ni.

Sai bayan azahar na yi abin da ya kamata in fara da shi: na shiga sabar na duba faifan da ma'ajiyar wasiƙu take zaune a kai. Ja wur. Babu sauran wuri ko na sa allura. Exchange, tsarin da ke tafiyar da imel a sabar, yana rubuta duk motsin da aka yi cikin ƙananan fayiloli masu girman megabait 1 kowanne, sunansu na farawa da E00, kuma ba ya share su sai an yi cikakken kwafin ajiya ya kammala lafiya. Namu sun taru tun Disamba. Da faifan ya cika, ma'ajiyar ta sauka, shi ya sa mutum ke wuce ƙofa ya tarar babu ɗaki.

Me ya hana kwafin ajiyar gudana? Ni ne. A Disamba da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki suka zo, na zare wayar faifan waje na jona musu abin huda bango, ban mayar ba. Wata huɗu manhajar tana aiko mini saƙo kowane dare cewa kwafi ya gaza, ni kuwa tuntuni na sa doka a akwatina tana kwashe irin waɗannan saƙonni zuwa wata jaka da ba na buɗewa.

Na riga na zaɓi fayilolin E00 gaba ɗaya, yatsana na kan maɓallin sharewa, sai Allah ya sa na kira wani abokina a Ngaundere wanda ya girme ni a aikin. "Kai, ɗauke hannunka!" Ya sa na duba ma'ajiyar da umarnin eseutil /mh, mai nuna halin da take ciki, ta nuna ba a rufe ta da tsabta ba, ma'ana akwai wasiƙun da ke cikin fayilolin nan waɗanda ba su riga sun shiga ma'ajiyar ba. Da na share, da sai gyaran dole, kuma irin wannan gyaran yakan tafi da wasu wasiƙu. Na nemi wuri ta wata hanya: tsofaffin fayilolin girka manhaja da na jibge a faifan, na kwashe su, wajen gigabait 30 ya samu. Na ɗaga ma'ajiyar, ta karanta fayilolinta da kanta ta tashi. Na mayar da wayar faifan waje, kwafi ya kwana yana tafiya, da safe tarin ya ɓace.

Takardun Duwala ma ba su salwanta ba. Sabar ta riƙa mayar wa masu aiko mana amsar 452 4.3.1, wato ku dakata babu wuri, sabobinsu kuma suka ci gaba da gwadawa. Cikin awa ɗaya wasiƙu suka yi ta zubowa.

Kowa ya shiga, ban da mutum goma sha ukun da na taɓa. Wayoyinsu na nan riƙe da tsohuwar kalma, suna ta ƙwanƙwasa sabar da ita, dokarmu kuwa kuskure biyar a rufe asusu na rabin awa. In buɗe, ya sake rufewa. Na bi su tebur tebur ina karɓar waya ina gyarawa, na Marwa kuma ta kira, ina faɗa harafi harafi. Idan za ka canza wa mutum kalma, fara tambayarsa na'ura nawa ke ɗauke da imel ɗinsa, ka sa ya kawo su gabanka. Kuma kafin ma ka kai nan, ka dubi faifai, minti ɗaya ne.

Na Alhaji ne ya fi ba ni wuya. Na gyara wayarsa, na gyara kwamfutarsa, asusun bai daina rufewa ba har kwana uku. Takardun kwastan ma a akwatin Hajiya aka sake turo su, kwantenoni suka ƙara kwana guda. Ranar Alhamis na ga a rajistar sabar cewa wata na'ura ce daga waje take ta gwadawa. Na tambaye shi, ya yi shiru, can ya ce akwai wani allon hannu da ya saya a Makka, yana gida wajen autansa yana kallon katun.