Matar da ba ta yanke in'ina

Aikina a gidan rediyo tace murya ne. Wakili ya dawo da hira ta minti goma, edita ya ce daƙiƙa arba'in yake so, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in datse duk wani "e to", duk wani "wato", duk inda mutum ya ɗauko magana ya fasa ya sake ɓullo mata ta wani gefe. Wanda kuke ji a labaran dare mutum ne mai magana tsaf kamar yana karanta takarda, alhali a gaban wakilinmu sai da ya yi ta lalube kafin ya kamo bakin zaren. Shi ya sa aikin Anna Deavere Smith ya tsaya mini a rai. Abin da nake zubarwa kullum, shi take tsincewa ta gina wasan kwaikwayo da shi.

Baƙar fata ce 'yar Amurka, an haife ta a Baltimore a 1950, 'yar wasa ce kuma malamar jami'a. Tun farkon shekarun 1980 take yawo da rikoda tana hira da mutane. In ta dawo sai ta yi ta sauraron kaset har ta haddace maganar mutum da tarinsa da dariyarsa da inda numfashi ya sarƙe masa, sannan ta hau dandamali ita kaɗai, galibi ko takalmi babu, ta faɗi abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Kayan wasan ba su wuce hula ko tabarau ko kwat ba. Ta cire wannan ta sa wancan, ta tashi daga malamin Yahudawa ta koma matashin unguwa. Ta sha ba da labarin cewa wata masaniyar harshe ce ta ba ta tambayoyi uku da ke sa mutum ya bar maganar da ya shirya: ka taɓa kusantar mutuwa, an taɓa zarginka da abin da ba ka yi ba, ka san yadda aka haife ka. Na gwada ta biyun a kan wani dattijo ɗan fansho, hirar minti biyar ta koma ta awa guda, edita kuwa bai yi amfani da ko ɗaya ba.

Wasan da ya fito da sunanta shi ne Fires in the Mirror, kan rikicin Crown Heights a Brooklyn. Ranar 19 ga Agusta 1991 wata mota daga ayarin shugaban Yahudawan Lubavitch, wata ɗariƙar Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, ta hau gefen titi ta buge yara biyu baƙar fata, Gavin Cato ɗan shekara 7, wanda iyayensa suka zo daga Guyana, ya rasu. Nan take magana ta bazu cewa motar asibitin Yahudawa ta ɗauke direban ta bar yaran a ƙasa. Bayan 'yan sa'o'i wasu samari baƙar fata suka tare Yankel Rosenbaum, ɗalibi Bayahude ɗan shekara 29 da ya zo daga Ostareliya, aka daɓa masa wuƙa, ya mutu. Kwana uku unguwar ba ta zauna ba. Smith ta yi hira da mutane sama da 50, ta zaɓi 26 ta fito da su a wasan da aka buɗe a New York a watan Mayu 1992.

Abin da ya ba ni mamaki, ba ta yi gaggawar shiga rikicin ba. Sai an yi nisa da wasan kafin a kai ga motar. Kafin nan za ka ji Al Sharpton, fasto baƙar fata mai fafutukar kare haƙƙi, yana bayanin yadda gyaran gashinsa ya samo asali daga mawaƙi James Brown. Za ka ji wata matar aure Bayahudiya tana ba da labarin ranar Asabar da jaririnta ya murɗa rediyo ya ƙure sauti, ga shi addini ya hana su taɓa kayan lantarki a ranar, ya kuma hana ta fito fili ta ce wa wani ya kashe mata, sai da ta yi ta kewaye-kewaye har wani yaro baƙar fata ya shigo ya kashe, tana dariya tana cewa tabbas yaron ya ɗauka ba su da wayo. Da ni aka ba wannan hirar, ita zan fara jefarwa, don ba labari a cikinta. Amma bayan ka ji ta, ka riga ka san yadda mutanen nan suke zaune ƙofa da ƙofa ba tare da ɗaya ya san abin da ke cikin gidan ɗaya ba, kuma in aka zo kan jita-jitar motar asibiti ba sai an yi maka bayanin yadda ta samu gindin zama ba. Mahaifin Gavin ne ya rufe wasan, kuma cikin kukansa har ya kai ga yadda aka haife shi da ƙafa ya fara fitowa.

Ana cikin shirin buɗe wannan wasa Los Angeles ta kama da wuta. Tarihin sananne ne, a gurguje zan bi ta kansa. Ranar 3 ga Maris 1991 'yan sanda suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, wani mutum ya ɗauka a bidiyo daga barandar gidansa. Bayan kwana 13 wata mai kanti 'yar asalin Koriya ta harbe Latasha Harlins, yarinya baƙar fata 'yar shekara 15, a kan gardamar kwalbar lemo, kuma alƙaliya ba ta tura ta gidan yari ba. Aka ɗauke shari'ar 'yan sandan huɗu aka kai Simi Valley, inda farar fata suka fi yawa, ranar 29 ga Afrilu 1992 aka wanke su. Kwana shida ana ƙone-ƙone da wawashe kantuna. Sama da mutum 60 suka mutu, sama da 2,000 suka ji rauni, asarar dukiya ta kai kusan dala biliyan ɗaya, kuma wuraren kasuwancin Koriyawa sama da 2,000 abin ya shafa.

Daga nan wasanta Twilight: Los Angeles, 1992 ya fito, a dandamalin Mark Taper Forum na Los Angeles a 1993, ya isa Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa ta New York, a 1994, aka mayar da shi fim na talabijin a 2000. Fim ɗin na kalla. A nan ne na ga iyakar abin da salon nan zai iya.

Akwai ɗaya daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci a Simi Valley, bai yarda a faɗi sunansa ba. Kana shiga wasan da haushinsa. Sai ga shi yana kuka, yana cewa bayan hukuncin ƙungiyar KKK, ta farar fata masu ƙin jinin baƙar fata, ta aiko musu da wasiƙar goyon baya, kuma kunyar wannan wasiƙa ta fi masa barazanar da aka yi ta yi musu ciwo. Ba ka yafe masa ba, amma ka daina ganinsa a matsayin dodo, kuma hakan ya fi tayar da hankali. Akwai Daryl Gates, shugaban 'yan sandan birnin, yana kame-kame kan dalilin da ya sa ya tafi taron tara kuɗin siyasa a daren da gari ya fara ci. Duk in'inar da ya yi tana nan, kuma in'inar ce shaidar. Da na tace masa ita, da na yi masa aikin lauya kyauta. Akwai wata mata 'yar asalin Panama da harsashi ya same ta tana da tsohon ciki, aka ciro jaririyar da harsashin maƙale a gwiwar hannunta, dukansu suka rayu, tana ba da labarin a sanyaye tana ta godiya ga Allah.

Wadda ta fi zama mini a zuciya ita ce wata Bakoriya da aka ƙone mata kantin giya. Tana magana ne kan ranar da kotun tarayya, a Afrilu 1993, ta kama biyu daga cikin 'yan sandan da laifi. Ta ga baƙar fata suna murna a talabijin, ta ce ta so ta taya su, har ta ji wani ɓangare na zuciyarta ya yi musu farin ciki, amma su Koriyawa ina za su je neman nasu haƙƙin. Turancinta a karye yake, kuma Smith ta bar shi a karye. A nan na ɗan tsargu, saboda mu mun saba: in ɗan wasan barkwanci ya karya harshe ya yi Hausar Bagwari ko ta Bayarabe, dariya ake nema, kuma ana samu. Smith ta karya harshe irin na matar nan, ba wanda ya yi dariya. Bambancin, a ganina, ɗan barkwanci lafazin kawai yake ɗauka ya zuba masa maganar da ya ga dama, ita kuwa ta ɗauki lafazin tare da maganar mai shi, ba ta da ikon ƙara ko kalma.

To amma kada a ce ba ta da hannu a ciki. Masu yabonta kan ce ba ta ɗauki ɓangare ba, ta bar kowa ya yi magana. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace murya ya san wannan zance ne kawai. Wanda ya yi hira da ɗaruruwan mutane ya fito da 'yan goma, ya riga ya yanke hukunci. Wa aka sa a gaba, wa ya biyo bayan wa, wa aka ba kalmar ƙarshe, nan ra'ayi yake ɓuya. Ga misali. Reginald Denny, direban babbar mota farar fata da aka fasa wa kai a mahaɗar Florence da Normandie ana nunawa kai tsaye daga jirgi mai saukar ungulu, wanda kuma baƙar fata huɗu ne suka cece shi suka kai shi asibiti, ya ce in ya samu gida zai ware ɗaki guda ya cika shi da wasiƙun alheri da aka aiko masa. Shugaban kwamitin kare samarin da aka kama kan dukansa shi ma ya ce zai ware ɗaki guda, amma na tunawa da boren, don 'ya'yansa su gani. Ba su haɗu suka tsara ba. Smith ce ta ji ɗakuna biyun a kaset daban-daban ta san abin da ta tsinta. An yi ta muhawara a lokacin ko marubuciya ce ko 'yar jarida ce mai iya kwaikwayo. Ni dai wanda ya iya wannan zaɓe marubuci ne, kuma da alhakin marubuci ya kamata a tuhume shi. Ita ma ta san haɗarin, don a Los Angeles ta ɗauko mashawarta daga al'ummomi daban-daban, ciki har da malamar jami'a Dorinne Kondo da ɗan jarida Héctor Tobar, su riƙa yi mata gardama kan wanda ta danne da wanda ta ɗaga.

A Ingila an bi wata hanyar. Bayan kisan Stephen Lawrence, matashi baƙar fata da wasu samari farar fata suka kashe a Landan a 1993, gidan wasa na Tricycle ya ɗauko rubutaccen zaman kwamitin bincike ya taƙaita shi ya zama wasan The Colour of Justice a 1999, da 'yan wasa da yawa a zaune kamar a kotu. Yana da ƙarfinsa, sai dai mutum a gaban kwamiti da lauyansa a gefe yake magana. Mu ma mun ga irin wannan a zaman kwamitin Oputa, da kwamitocin da aka yi ta kafawa bayan rikice-rikicen Jos: ana samun sunaye da ranaku, ba a samun matar da ke labarin rediyonta. Smith a falo da kicin da ofis take samun mutanenta.

A 2022 an sake sa Twilight a New York da 'yan wasa biyar maimakon ɗaya, da amincewarta, ita ce ma ta gyara rubutun. Na fahimci dalilin, ba za ta yi ta hawa dandamali har abada ba, kuma makarantu sun daɗe suna raba wasan tsakanin ɗalibai. Duk da haka na fi son na asalin. In mutum biyar ne, ido zai fara lissafin wa ya yi kama da wa, wa ya dace da wane matsayi. In ita kaɗai ce, baƙar mace ce ke furta kame-kamen Gates, kuma bakin da ya gama faɗar fushin shugaban kwamitin nan shi ne zai ɗauko karyayyen Turancin mai kantin giya, mai kallo bai samu sararin da zai ware nasa ya toshe kunne ga saura ba.